Mama Yemima Ta Je Ɗibar Wuta

In ka je Fadan Kagoma ka tambayi gidan Yemima matar marigayi Kambai, sai an ɗan tsaya tunani. Amma ka ce gidan Maman Fayilot, ko mai tallan gyaɗa za ta kai ka har ƙofa. Uwar mijina Azariya ce. Ni Hellen na ci tuwonta, na sha faɗanta, na kuma sha daɗinta, don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na ji ba.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta ɗauko waƙa a zumuntar mata har bakin kasuwa ana jin ta. Ba ta yi boko ba, sai ajin baftisma, inda ta koyi karanta Littafi Mai Tsarki tana bin layi da yatsa. Mijinta ya rasu Azariya yana aji biyu a sakandare, tun daga nan citta ce ta riƙe gidan. Ita ke shuka, ita ke yanko ganye ta rufe gona, ita ke haƙa, sannan da rani ta zauna gindin mangwaro da 'yar wuƙarta tana tsagawa tana shanyawa a kan dutse. Har yau in na ji ƙamshin busasshiyar citta, zaninta nake tunawa.

Halinta ɗaya da kowa ya sani: ba ta karɓar maganar kowa sai ta gwada da kanta. In za ta ari gona sai ta damƙi ƙasar ta sansana. In fatake suka zo daga Kafanchan da ma'auninsu, sai ta fara ɗora dutsen da ta san nauyinsa. Ni kaina ban tsira ba. Ranar da Azariya ya fara kai ni gida, ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo mini ƙwaryar acca ta ce in wanke. Wanda ya san acca ya san yashin da ke cikinta. Ni kuwa 'yar barikin reluwe ce ta Kafanchan, shinkafa da doya na sani. Na wanke sau bakwai ina addu'a. Da aka dafa ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce, "Ba laifi." Daga baya na gane a bakinta wannan babban yabo ne.

Azariya ya gama makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya a shekarar tamanin da bakwai, sai aiki ya ce neme ni inda ka ajiye ni. Kusan shekara uku yana koyar da lissafi a wata sakandare a Kafanchan, yana zuwa a kan keke. In ya wuce, masu shayi su ɗaga hannu su ce, "Fayilot, a sauka lafiya." Yana dariya da su, amma ni da na aure shi a cikin wannan halin na san inda abin yake yi masa ciwo. Kullum takardunsa suna cikin akwati a naɗe da leda, lokaci-lokaci yana fito da su ya duba ko gara ta taɓa.

A watan Maris na shekarar casa'in wasiƙa ta zo. Wani ƙaramin kamfani a Kaduna, mai jirage uku da ke kai injiniyoyi da likitoci Yola da Maiduguri da Sakkwato, ya ɗauke shi. Ran nan Mama ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Sai dai wasiƙar tana da sharaɗi. Matuƙinsu dole ya zauna inda in an aiko kiransa zai isa filin jirgi cikin minti talatin. Shugaban matuƙan, Kyaftin Celestine, ya ba shi zuwa Juma'ar da ke bin Ista ya kawo adireshin gida. In bai kawo ba, akwai wani a bayansa yana jiran kujerar.

Nan gizo ke saƙar. Azariya ya ce matar da ta shekara goma tana tsaga citta don ya hau sama, ba zai zauna inda ba ta sa albarka ba, ko da aikin zai tafi. Na san shi, ba cika baki yake yi ba. Mama kuma ta riga ta yanke hukunci: unguwar Sabon Tasha a Kaduna, inda ƙanwarta Caroline take, inda motocin gida suke sauke mutane, inda in ka yi tari wani zai ce maka sannu da yarenku. Ban ga laifinta ba. Shekara uku ke nan da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu garuruwa, kuma tun daga lokacin kowa, namu da nasu, ya koyi tambayar wane ne maƙwabci kafin ya duba ko rufin yana yoyo.

Ranar Litinin bayan Ista muka hau mota mu uku, muka sauka gidan Anti Caroline. Mama ta ce kwana biyar kawai ta ba mu, domin hadari ya fara haɗuwa kuma citta ba ta jiran kowa.

Talata aka ari motar fijon mijin Anti don a auna tafiyar. Sabon Tasha tana can kudu, filin jirgi yana can arewa, duk garin Kaduna da gada da cunkoson kasuwa suna tsakani. Mama ta karɓi agogon Azariya ta riƙe da hannu biyu, ni ina karanta mata. Awa ɗaya da minti goma. Ta ce agogon ne ba shi da gaskiya, a sake. Aka sake da rana tsaka, aka samu awa ɗaya da kwata, don wata tirela ta lalace a kan gada.

Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai da za ka tuƙa jirgi a sama, mota a ƙasa ya fi ƙarfinka?"

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Da muka koma ta zauna a ƙuryar gida ita kaɗai ta daɗe, sannan ta fito ta ce to, Sabon Tasha ta fita, tunda ta gani da idonta. Amma duk gidan da za a kai ta, ita ma tana da nata agogon.

Laraba muka je wani dogon bene kusa da Kawo, inda wasu matuƙa da ma'aikatan banki suke haya. Ni dai tun daga ƙofa zuciyata ta kwanta. Ga famfo a cikin ɗaki, ga fanka, ga maigadi. Ina ta buɗe tagogi ina rabon ɗakuna a raina, sai na ga Mama ta kwance jakarta ta fito da wani abu naɗe da tsumma. Tsingaro ne, gindin wata tsohuwar tukunya, ya yi baƙi ƙirin. Na tambaye ta na mene ne.

Ta ce a wajensu in an kawo amarya, ko mutum ya tashi ya koma sabon wuri, ba a hura wutar fari da kai. Maƙwabta ake zuwa a ɗibo. A nan ake sanin da wa aka zauna. Wata za ta tsaya a bakin ƙofa ta zubo maka toka da garwashi ɗaya. Wata kuwa za ta ce shigo, ta tambayi daga ina, ta tambayi yara, ka fito da wuta ka fito da ƙawa. Ta ce ita ba bulo take dubawa ba, mutum take dubawa.

Kafin in ce wani abu ta fice, ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Wata mata mai fara'a ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofar tana maƙale, ta saurara, ta koma ciki, ta miƙo kwalin ashana sabo fil, ta ce a riƙe duka, ta rufe. Mama ta dawo riƙe da ashanar da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Na yi ta bayani cewa mutanen nan da risho da gas suke girki, ba mai garwashi a bene hawa uku, matar ma kirki ta yi. Mama ta bar ni na gama, sannan ta ce ta san risho, ba daga rami ta fito ba. Abin da ta gani shi ne matar ko sunanta ba ta tambaya ba. Haka benen ya tafi, da famfonsa da fankarsa, ina ji ina gani.

Saura Alhamis, saura gida ɗaya. Alhaji Musbahu, ɗan kasuwar Kafanchan da ya shekara ashirin yana sayen cittar Mama suna faɗa a kan ma'auni, shi ya ba Azariya kwatancen gidan wani ɗan'uwansa a Mando da ba kowa a ciki. Ciki biyu da falo, rijiya, tsakar gida mai faɗi, ga bishiyar gwaiba. Daga nan zuwa filin jirgi minti goma sha takwas, Mama da kanta ta riƙe agogo. Amma unguwar Hausawa ce gaba da baya, masallaci a kan kwana, coci kuwa sai an hau mota. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Ina da ciki wata biyar, mijina zai riƙa kwana biyu uku ba ya gari, kuma ban san kowa ba. Sai dai tsoron ganin Azariya ya koma kan keke ya fi wannan yawa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, rana ta fara cizo, Mama ta ɗauki tsingaronta ta fita. Muka zauna a dakalin falo muna jiranta. Ba ta yi minti goma ba ta dawo, tun daga tafiyarta na san an yi ba a yi ba. Tsingaron yana hannunta, ko toka babu.

Gida uku ta shiga. A na farko wata amarya ta sunkuyar da kai ta ce babu wuta. A na biyu wani mutum a zaure ya ce ba su hura ba. A na uku, gidan da ke jikin katangarmu, wata tsohuwa ta ce, wuta yanzu, ai sai la'asar, Mama kuwa ba ta tsaya jin sauran ba ta juyo. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Unguwa guda a ce ba mai wuta da hantsi? Sun ga ɗaurin ɗankwalinta, sun ji Hausarta, sun san ko ita wace ce.

"Ba za ku zauna a nan ba," in ji ta. "Mu koma gida. Ubangiji da ya ba da wannan aiki zai ba da wani."

Azariya ya fito da wasiƙar daga aljihu, ya sake ninke ta, ya mayar. Ya ce, "To, Mama." Shi ke nan abin da ya ce.

Na tashi na zagaya bayan rijiya na yi kuka mai isata. Raina in ya yi dubu ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan tsohuwa za ta binne shekara goma na wahalarta da shekara uku na haƙurin ɗanta saboda garwashi. Har na fara shirya kalmomin da zan faɗa mata, irin waɗanda ba a faɗa wa uwar miji a kwana lafiya, sai na ji sallama a ƙofar gida.

Tsohuwar gida na uku ce, doguwa siririya, mayafinta ya zame, gumi yana bin wuyanta. Ta riƙo murfin kwano da tsumma, cike da garwashi ja wur, tana tafe tana kare shi da tafin hannu tana tari. Daga baya muka san sunanta Nana Khadija, amma duk unguwar Iya ake ce mata.

Ta ce, "Baiwar Allah, kin tafi ban gama magana ba. Azumi ake yi, yau ashirin da uku. Tun sahur murhu ya mutu, ba mai hurawa sai la'asar. Na ce ki zauna in haɗa miki, na juya ɗauko kara, na waigo ba ke."

Ni da na girma a Kafanchan, na sha kunun buɗa-baki a gidajen ƙawayena tun ina yarinya, ban tuna watan da ake ciki ba. Tun safe muna wuce rumfunan masu abinci a rufe, hankalinmu yana kan agogo. Mama kuwa, a ƙauye ba ta lissafa wata sai na shuka da na haƙa. Na ga fuskarta ta canza. A iya sanina, ran nan ne kaɗai magana ta ƙare wa Mama Yemima.

Iya ta duba tsakar gida ta ce ina murhun, hannunta ya fara jin zafi. Ba murhu, ba itace, ba tukunya, gida fayau sai mu da jaka ɗaya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Dole Mama ta faɗi gaskiya, cewa ba girki za ta yi ba, gwaji ne irin na garinsu. Na zaci ran tsohuwar zai ɓaci, mai azumi an sa ta busa wuta cikin wannan zafi a banza. Sai ta ajiye murfin a ƙasa ta kama dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ai ita ma ba don wutar kaɗai ta zo ba. Tun da aka ce mutanen Kafanchan za su kama gidan take ta saƙe-saƙe, ta ce gara ta zo ta ga fuskokinsu da kanta.

Mama ta durƙusa, ta juye garwashin a tsingaronta, ta ɗauko duwatsu uku daga gindin katanga ta girka. Ta aike ni in tsinto busassun rassan gwaiba. Sai da wuta ta kama sannan ta miƙe, ta kamo hannuna ta ja ni gaban Iya.

"Iya, ni zan koma gona," in ji ta. "Yaro na ba shi da damuwa, shi yana sama. Yarinyan nan ce. Ciki na fari ne, kuma mamanta ya rasu tun tana goye. In ta kira da rana ko da dare, ni ba zan ji ba daga Kagoma. Ke ce za ki ji."

Iya ta ce katanga ɗaya ce tsakani, ko ban kira ba za ta leƙo.

Kwana huɗu ina ganin Mama tana yi wa ɗanta shamaki, ina ƙirga mata laifi, ashe duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa saboda ni ta ƙwanƙwasa. Kunya ta kama ni, daɗi ya kama ni, na rasa wanda zan fara ji. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta juya kan Azariya ta ce me yake jira, ko sai Juma'ar ta zo ta same shi a zaune? Ya fita da gudu don ya kai adireshin, har ya manta hularsa. Ta kwance ƙullin citta mai kyau da ta kawo wa Anti Caroline, ta ba Iya duka ta ce a sa a kunun shan ruwa. Anti ba ta yafe wannan ba har Kirsimeti.

Asabar Mama ta hau motar gida, ruwan fari ya tarye ta a Kachiya. Mu kuma muka tare. Shekara tara muka yi a gidan nan, har lokacin da gari ya sake rikicewa a casa'in da biyu ba mu motsa ba. Azariya ya yi ta roƙon Mama ta hau jirgi ko sau ɗaya, ta ce abin da ba za ta iya taka ƙasa ta gwada ba, ba da ita ba. Amma duk jirgin da ya gifta ta saman Fadan Kagoma, ko na soja ne, sai ta ajiye fartanya ta ɗaga masa hannu.

Haihuwar ta zo a watan Agusta, da hantsi, Azariya yana Yola. Ban ma kira ba. Iya ta ji guga ya faɗi a rijiya ba a jawo ba, ta leƙo, ta sa ɗanta Hussaini ya fito da tasinsa aka kai ni asibiti. Ita ta fara ɗaukar jaririyata Emilia kafin ni. Saƙo ya bi motar kasuwa zuwa ƙauye, ruwa ya ɓata hanya, Mama ba ta iso ba sai rana ta shida, da kaji biyu da buhun acca a ka. Ta tarar Iya ta riga ta kafa tukunyar wankan jego, tana yi mini safe da yamma, tana dura mini kunun kanwa.

Ko zama Mama ba ta yi ba ta tsoma yatsa a ruwan ta ce wannan ai dafa yarinya za a yi, a surka. Iya ta ce in aka surka ba wanka ba ne, wasa ne, ita ta yi wa mata goma sha ɗaya jego ba wadda ta dahu. Mama ta ce ganyen ma ba shi ne ba, nasu na Kagoma ya fi. Iya ta ce to a je Kagoma a ɗebo, ruwa dai ba zai jira ba. Suka tsaya a kaina, wannan riƙe da ƙwarya, wannan riƙe da ganye, kowace tana cewa ita ta san jikin yarinyarta.

Ina zaune a kan turmi da zani ɗaya, hawaye suna zuba, ina dariya. Suka tsaya suka tambaye ni ko wani wuri ke ciwo. Na ce babu. Ban iya gaya musu ba a lokacin, cewa na shekara ashirin da shida ban san yadda ake ji ba in uwa tana faɗa a kanka, ga shi yau har biyu.